An Soke Jangali Malam Maharazu Yana Landan

Malam Maharazu Hambali ya shekara ashirin da biyu yana aikin haraji kafin ya taɓa hawa jirgin sama. Ya fara ne yana malamin haraji a gunduma, daga shi sai keke da jakar fata, ya yi ta hawa a hankali har ya zama babba a ofishin haraji na jiharsu. A shekarar 1979, lokacin da kuɗin man fetur suka yi wa gwamnati yawa har duk ma'aikacin da ya fara furfura ake neman inda za a tura shi kwas, sai aka ba shi wata tara a wata kwaleji a unguwar Bloomsbury ta Landan, ya je ya koyo sababbin dabarun aikinsa. Ya taho da matarsa Karimatu, suka kama hayar gida mai ɗaki ɗaya a Kilburn, a saman shagon wani mai gyaran takalma.

Zaman Landan ya karɓe shi. Ya sayi kwat mai kauri yana ɗorawa a kan kaftani, ya haddace tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa kamar yadda a da ya haddace rugagen gundumarsa. Takardar da zai rubuta ta ƙarshen kwas kuwa tun daga gida ya taho da ita a ka: a haɗa karɓar jangali da allurar rigakafin dabbobi, ta yadda makiyayi ba zai iya ɓoye rabin garkensa a daji ba, tunda dole ya fito da su a yi musu allura. Yana ganin ba a taɓa yin dabara irin wannan ba. Kafin tsakiyar Oktoba har ya cika shafi arba'in.

Wata Talata yana shan shayi a kantin kwalejin, sai ga Katung, wani ma'aikaci daga Jos da suke kwas ɗin tare, ya ajiye masa jaridar gida wadda ta kwana bakwai a hanya. A shafin farko aka buga cewa sabon gwamnan farar hula na jihar su Maharazu ya soke haraji da jangali baki ɗaya, tun daga ranar da ya sha rantsuwa. Ya kuma yi alkawarin buɗe kantunan gwamnati masu rahusa, da azuzuwan yaƙi da jahilci a kowane ƙauye.

Maharazu ya karanta, ya goge tabarau, ya sake karantawa. Katung ya zuba masa ido yana murmushi.

"Malam," in ji shi, "duk Landan kai kaɗai ne kake wasa wuƙa bayan an saki ragon."

Maharazu bai yi dariya ba. Ya naɗe jaridar ya cusa a aljihun kwat, ya shiga aji ya zauna, malami yana bayani a kan yadda ake ƙidayar masu biya, shi kuwa yana kallon tattabaru ta taga.

Ran Asabar Alhaji Nata'ala Maje ya aiko a kira shi. Alhaji ɗan kasuwa ne mai shigo da siminti da shinkafa, yana da gida a St John's Wood inda 'ya'yansa ke sauka in an yi hutun makaranta, kuma duk Asabar bayan azahar ana tuwo a gidan. Jam'iyyar da ya mara wa baya ita ce ta sha kaye a jihar, shi ya sa tun da labarin ya iso bai zauna ba. Ya tara mutum goma sha biyu a falo, likitoci da ɗalibai da ma'aikata, duk masu ra'ayin a bar abu yadda aka gada. Ya ce so yake a rubuta wa gwamna wasiƙa da sunan 'yan jiha mazauna Ingila, a nuna masa ya ɗauko hanyar da ba ta ɓullewa, kuma Malam Maharazu ne zai riƙe alƙalami tunda shi ya san kan abin.

Kowa ya amince gwamna ya yi kuskure. Da aka zo faɗin inda kuskuren yake, nan aka rabu. Uwaisu, wani ɗan hakimi da ke karatun lauya, ya ce abin da ya dame shi martabar iyayen ƙasa: dagacin da ba ya karɓar haraji wa zai ƙara cire masa takalmi? Wani likita ya ce shi yaƙi da jahilcin ne bai kwanta masa ba, a fara gyara asibiti tukuna. Shi kuwa Alhaji, da ya buɗe baki sai aka ga ashe soke harajin bai dame shi ko kaɗan ba. Ya ce haraji ko wane iri ne a soke shi, Allah ya raka taki gona. Laifin gwamna a wurinsa shi ne ya tsaya a kan talaka bai kai ga 'yan kasuwa ba, sannan ga wannan fitina ta kantunan gwamnati, wadda ba kowa aka nufa da ita ba sai shi Nata'ala.

Maharazu ya ajiye cokali. Ya ce a yi masa afuwa, shi abin da yake gani daban ne. Ya ce kuɗin mai baƙo ne, yau yana nan gobe ya yi sallama. Sannan gwamnatin da ba ta neman komai a hannun mutum ba ta da dalilin sauraronsa.

"Alhaji, haraji igiya ce tsakanin talaka da hukuma," in ji shi. "In ka tsinke ta, ranar da talaka ya so ya jawo hukuma da me zai jawo ta?"

Wasu suka gyaɗa kai. Alhaji ya ce magana ta yi daɗi, amma a tabbata an sa zancen kantuna a sakin layi na farko. Uwaisu ya ce a'a, martaba ce farko. Aka yi ta ja har la'asar, aka yi salla, aka dawo aka ɗora daga inda aka tsaya. A ƙarshe aka ce Malam ya je ya haɗa duka, ya kawo Asabar mai zuwa.

Karimatu tana falon mata duk wannan lokaci, kuma ƙofar da ke tsakani ba ta rufuwa sosai. A hanyarsu ta komawa suka hau saman bas mai hawa biyu, suka sami kujerar gaba wadda take so. Sai da suka wuce tasha biyu sannan ta ce ta ji jawabinsa, ya yi kyau, sai dai akwai abin da ba ta gane ba.

"Ita wannan igiya, Malam, a hannun wa take, kuma a wuyan wa?"

Ya ce ai misali ne kawai. Ta ce to, ita ma tana da nata misalin, kuma ya san shi.

Ya san shi kuwa, don shi ne labarin da ya fi son bayarwa in an taru. Yana sabon malamin haraji suka je ƙauyen su Karimatu da dagaci, aka nemi mahaifinta Malam Almu aka rasa, iyali suka ce ya yi tafiya. Har sun juya za su fita sai rumbu ya yi atishawa. Aka ɗaga murfi, ga Malam Almu a tsugune cikin gero, ƙaiƙayi ya ishe shi. A ranar Maharazu ya fara ganin Karimatu, ita ta kawo wa baƙi ruwa. Duk inda ya ba da labarin nan sai an yi dariya har da hawaye, shi ma Malam Almu kafin rasuwarsa yakan taya su.

Karimatu ta ce wancan rabin labarin ne. Tunkiyar da aka ja zuwa kasuwa a ranar don a biya harajin, tata ce. Kakarta ta ba ta tun tana 'yar rago, ita ta yi kiwonta, kuma a lokacin tunkiyar tana da ciki. Ta ce ruwan da ta kawo musu ma sai da ta tsaya a bayan danga ta share fuska kafin ta fito. Ba da fushi ta faɗa ba, tana magana tana kallon shaguna suna wucewa. Shekara ashirin suna tare bai taɓa jin wannan ba. Ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa masa ba, ta ce ai bai taɓa tsayawa ba, da ya kai wurin atishawa sai dariya ta ɗauke sauran.

Kwana huɗu yana fama da wasiƙar a teburin kicin. In ya rubuta martaba sai ya soke, in ya rubuta kantuna sai ya ji kunya. Abin da ya fito a ƙarshe shafi biyu ne. Ya ce shi tsohon ma'aikacin haraji ne, kuma ya yarda harajin da ake bin mai tunkiya ɗaya daidai da mai garke ba adalci ba ne, gwamna ya kyauta da ya ɗauke shi. Amma bai janye tsoronsa ba: ya roƙi gwamna ya riƙa aika mutanensa kasuwannin ƙauye suna faɗa wa jama'a da baki abin da aka yi da kuɗin mai, kuma a bar su su yi tambaya, don kada a saba da gwamnatin da ba ta bin kowa kuma ba mai bin ta.

Da ya karanta a gidan Alhaji ran Asabar, Uwaisu ya ce wannan ai mubaya'a ce. Alhaji ya tambaya ina siminti, ina shinkafa, ina kantuna. Ya ce an ci tuwonsa an koma wa abokan hamayya. Ba wanda ya sa hannu. Maharazu ya sa nasa shi kaɗai, da Katung ya ji labari a kwaleji ya ce a kawo ya ƙara nasa don kada takardar ta ji kaɗaici, aka tuna masa ba ɗan jihar ba ne. Daga ranar aka daina aiko masa da gayyatar Asabar, ko da yake matar Alhaji ba ta fasa aiko wa Karimatu kuka da daddawa ba.

Amsa ba ta zo ba sai cikin Fabrairu, layi huɗu daga ofishin sakataren gwamnati. An gode da shawararsa, za a duba. Sannan tunda sashen da yake shugabanta ya daina aiki, an yi masa canji zuwa hukumar ruwan sha ta karkara, kuma an ƙara masa wata shida a Landan ya koyi aikin. Maharazu ya juya takardar ya duba bayanta ko akwai ƙari. Har ya yi ritaya bai san ko sakayya ce aka yi masa ko hukunci ba. Katung ya ce duka biyun ne, haka gwamnati take yi in tana sauri.

Ƙarin wata shida na nufin sai an sabunta biza, don haka wata Litinin da safe suka ɗauki jirgin ƙasa zuwa ofishin shige da fice a Croydon, shi da Karimatu, da filas na shayi da ƙosai a takarda. Layi ya fito har waje, ana yayyafi. A gabansu akwai wani dogon saurayi da suka ji yana Hausa, ashe likitan dabbobi ne ɗan jiharsu, Bafulatani, ya zo ƙaro karatu. Da gaisuwa ta yi nisa Maharazu bai iya daurewa ba, ya kwashe dabararsa ta haɗa jangali da allura ya faɗa masa, shafi arba'in a taƙaice. Likitan ya saurara da ladabi har ƙarshe, sannan ya ce Baba, da an yi haka ba wanda zai ƙara kawo saniya allura don gudun jangali, cikin shekara biyu ciwon bushiya zai gama da shanun jihar.

Maharazu ya buɗe baki zai yi musu, ya tsaya, ya yi lissafin abin a ransa, ya ga haka ne. Ya ce to Allah ya rufa asiri da aka soke jangalin kafin ya gama rubutawa. Karimatu ta miƙa wa likitan ƙosai, layi ya matsa, suka shiga daga ciki.