Taku Hamsin Daga Ƙarfe

"Nawa ka gani, Ja'afar? Sake faɗi."

Na sake karanto masa lambar da na kwafo a tafin hannuna. Istifanus ya yunƙura ya tashi zaune, mutumin da kwana shida ke nan sai an tallabe shi.

Shekara talatin muna maƙwabtaka a Kudan. Wasu malaman jami'a ne suka taɓa binne wata na'ura a bukka bayan gonarsa, suka ce ya riƙa rubuta lambar da take nunawa. Wai maganaɗisun ƙasa take aunawa, idan rana ta yi aman wuta sai lambar ta yi tsalle. Shekara takwas rabon malaman da garin, amma shi bai daina ba. Kullum da hantsi yakan saita tsohon madubin hangen nesa, rana ta faɗo kan farar takarda, ya zana tabon da ke fuskarta da fensir. Mutanen gari suna ce masa boka. Ni da na tsaya a aji huɗu, ni kaɗai nake zama wurinsa, don tun da na ji rana ma tana da tabo hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Dokarsa ɗaya ce: ƙarfe ba ya zuwa kusa da bukkar, sai taku hamsin, don yana sa na'urar ta nuna lambar ƙarya. Ko makullin kekena a gindin mangwaro nake ajiyewa.

"Ban faɗa maka ba?" ya ce, idanunsa na ƙyalli. "Babban tabon nan ya juyo yana kallonmu. Shekara goma sha ɗaya nake jiran wannan guguwa. Judith! Kawo waya."

'Yarsa ta kira lambar malaman sau uku. A kashe take.

Ni kuwa na san abin da na baro. Da safe ɗansa Austin ya sa an sauke injin matse rake a jikin bukkar, wai nan ne inuwa. Da na yi magana ya ce, "Haba Baba Ja'afar, tabon rana za mu ci? Rake ba ya jira."

Istifanus ya kamo hannun rigata. "Ba a dai kai ƙarfe wurin ba ko?"

"Ba a kai ba," na ce.

Da hannunsa ya rubuta lambar a littafi, ya ja mata layi biyu. Ya nemi kunu, ya shanye tas. Har tsokanata ya yi, wai in shirya, Turawa za su zo su ɗauke mu hoto, in wanke hular nan tawa.

Bayan la'asar injin ya tashi.

Ya karkata kai yana saurare. Ya san gonarsa taku taku, bai tambayi kowa daga ina ƙarar take ba. Judith ta sunkuyar da kai.

"Ba ni littafin."

Ya lashi babban yatsansa ya dinga goge lambar har takardar ta huje. Sannan ya dube ni.

"Austin bai san komai ba. Kai fa?"

Ya juya fuska bango. Kwana biyu ina zuwa ina sallama, ba ya amsawa. Ranar Laraba ya cika. Na tsaya a ƙofar coci har aka fito da shi.

Kwana tara bayan nan rediyo ta ce rana ta yi aman wuta babba, har a wasu ƙasashe sama ta yi ja. Na tafi bukkar da sassarfa, na ma manta makulli a aljihu. Na tarar Austin ya tone na'urar, ya jibge bushasshen ɓawon rake a cikin bukkar.

Judith ta bar mini madubin. Na saita shi yadda yake yi, na shimfiɗa takarda a ƙasa. Ga tabon nan, baƙi, ya kusa kai gefe. Ina laluben fensir sai hayaƙin dahuwar mazarƙwaila ya gitta, hasken ya dushe a kan takardar.