Faifan da Edwin Ya Shafa wa Fenti

Sati na kan tsani, kansa cikin silin wani ofis a unguwar Al Qusais ta Dubai yana kwance bututun na'urar sanyaya ɗaki, sai wayarsa ta yi ƙara. Da ya ga sunan Baƙo, sifanar hannunsa ta suɓuce, saura ƙiris ta fasa wa abokin aikinsa Musbahu kai.

Baƙo ɗan Maraɗi ne, sana'arsa sayen kayan gidan Turawan da suka gama aiki za su koma ƙasarsu, ya baza su a wani lungu na kasuwar Naif.

"Dattijo, kaya sun iso," in ji shi. "Kwali biyu, duk faya-fayan garmaho, irin na baƙaƙen Amurka da kake nema. Amma fa wani ɗan Labanan zai zo bayan la'asar ya kwashe gaba ɗaya. In za ka zo, yalla, yi maza."

Sati bai ko mayar da murfin silin ba. Ya ce wa Musbahu in manaja ya tambaya ya ce ciki ne ya ɓaci. Musbahu ya ce wannan ciki dai bai taɓa ɓaci ba sai ranar da ɗan Maraɗi ya kira. Sati ya ratsa rana zuwa gidan da suke haya, ya jawo ƙaramar garmahonsa mai batir daga ƙarƙashin gado, inda faya-fayai suka cika maƙil har takalmansa suka rasa wurin zama.

Duk wanda ya zauna ɗaki ɗaya da Sati ya san labarin nan har ya gaji da shi. A ƙarshen shekarun saba'in, a Kafanchan garin 'yan reluwe, duk Asabar samari da 'yan mata kan cika dandalin Mijinyawa. A barbaɗa hoda a siminti don takalmi ya yi santsi, a sha wando mai faɗin ƙafa, a taje gashi ya yi tuli. Mai sa faifai shi ne Edwin, wani siriri mai girman kai da ke zama cikin keji na waya, ba mai matsawa kusa da shi. Masu sa faifai na wancan zamani gasa suke yi. Wanda ya sami faifai mai zafi sai ya shafe takardar tsakiyarsa da fenti, don kada abokin hamayya ya leƙa ya karanta suna ya tafi Kaduna ya sayo irinsa. Edwin yana da guda ɗaya da ya shafa wa jan fenti, waƙar wata mata mai siririyar murya, kiɗa na gudu kamar an biyo shi. Ba ya ko barinsa a dandali. In an tashi sai ya danna shi a hamata ya tafi da shi ɗakinsa. Ba a taɓa jin waƙar a rediyo ba, ba wanda ya san sunanta, sai dai a ce waƙar Edwin. A kanta Sati ya fara kama hannun Magret, wadda ta zama matarsa.

Edwin ya rasu tun zamanin mulkin soja, ya tafi da sunan waƙar kabarinsa. Tun lokacin Sati ke nema. Duk faifan da ya ga hoton mace a jiki sai ya saya ya saurara. Magret kan yi masa dariya, ta ce yana neman matar da bai san sunanta ba, bai san fuskarta ba, ga tasa a gida tana tsufa.

Yanzu maganar ta wuce dariya. Tun Kirsimetin bara Magret ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, bakinta ya rufe, ko sunan 'yarsu Sharon ba ta iya kira. Likita a Jos ya ce a riƙa sa mata waƙoƙin da ta sani, wani lokaci harshe kan kwance ta nan. An gwada na coci, matan zumunta sun zo har gida sun rera, ta dube su kawai. Kamfani kuma sai ɗage wa Sati hutu yake yi. Shi dai ya sa a ransa cewa da tsohuwar zuma ake magani, in ya samo waƙar Edwin matarsa za ta yi magana.

A cikin jirgin ƙasa ya kasa zama. Ya tashi, ya koma, ya sake tashi ya kama ƙarfe, yana dukan murfin garmahon da yatsa har wata 'yar Filifin ta matsa gefe. Ya sauka a tashar Baniyas, zafi ya mare shi a fuska. Ya kutsa cikin lungunan Naif tsakanin masu tura amalanke da dilolin atamfa, ya ci karo da wata hajiya mai ƙullin takalma, ta bi shi da faɗa, bai waiwaya ba.

Shagon Baƙo ɗan ƙuƙut ne, cike da fitilu da tukwane da kekunan yara. Ya share masa wuri a kan wata tsohuwar firji.

"Bon, ga su nan. Ka sha shayi?"

"Alhaji, bar shayin nan tukuna."

Sati ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ware na maza gefe guda ko kallonsu bai yi ba, ya tara na mata, yawanci ƙanana, irin waɗanda ake juyawa da sauri. Ya tura 'yar sandar gudu ta garmahon zuwa wajen sauri, ya fara. Ya ɗora allura, ya saurara kaɗan, ya ɗage. Wani faifan ya san shi, wani yana da shi a gida, wani ko kusa bai yi kama ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana kare faifai da gwiwar hannu kada ya jiƙe. Wayarsa ta yi ta ruri, manaja ne, ya kife ta.

"Shwaiya shwaiya, bi a hankali, dattijo," in ji Baƙo. "Wai yaya waƙar take ne? Sake yi mini."

Sati ya yi masa da hanci, yana kaɗa kafaɗa. Baƙo ya ce shi dai duk lokacin da ya ji, kukan injin markaɗe yake tuna masa.

Na ƙarshe ya ƙare, babu. Sati ya zauna dirshan a ƙasa ya jingina da firjin. Baƙin ciki ya cika shi, har da jin kunya, dattijo mai furfura ya gudo daga aiki saboda abin da ƙila tun farko babu shi a duniya sai a kansa.

Baƙo ya ji tausayinsa. Don ya kawar da shirun, ya zaro wani babban faifai daga tulin na maza, mai hoton wani ƙato mai gemu ya sunkuyar da kai.

"Wannan mai gemun fa me ya yi maka? Bari in ji nasa."

"Namiji ne, Alhaji. Tawa mace ce. Kuma manyan nan a hankali ake juya su, sai ka mayar da..."

Baƙo ya riga ya ɗora allura a tsakiyar faifan, bai taɓa sandar gudu ba. Ganga ta ɓarke da gudu, ƙaho ya biyo baya, sai ga siririyar muryar nan ta taso.

Sati bai san lokacin da ya miƙe ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Ita ce, babu ko tantama, har inda ake tafi sau biyu a juya. Ya dubi hoton mai gemu, ya dubi sandar gudu, sai ya gane. Ashe babu wata mata. Waƙar wani namiji ce mai sanyi, Edwin ya riƙa juya ta da sauri don ta yi daɗin rawa, muryar ta sirance, ya kuma shafa fenti ya rufe asirinsa. Shekara da shekaru Sati na ture faya-fayan maza gefe, wa ya san sau nawa wannan ya ratsa ta hannunsa.

"Edwin, Allah ya isa!" ya ce, yana dariya hawaye na zuba. "Ɗan banza, ka gama da ni!"

"Voilà! Khalas, an samu?"

Nan take ya kira Sharon ta bidiyo. Sai da ya kira sau da yawa kafin layi ya kama.

"Baba, lafiya? Ba kana wurin aiki ba?"

"Kai wa mamanki wayar. Maza, na samo!"

Hoto ya girgiza, sai ga Magret a kujerar tsakar gida, an ɗaura mata kallabi, gefen bakinta ya karkace. Ta rame fiye da yadda ya zata.

"Magi, saurara," in ji shi. Rabon da ya kira ta da wannan suna tun kafin a haifi Sharon.

Ya mayar da allura farkon waƙar, ya kara wayar. Kiɗa ya cika shagon. Sati ya ɗan taka, ya yi juyin nan a tsakanin tukwane, yana leƙen fuskarta. Magret ta dubi wayar, ta dubi Sharon, ta mayar da idonta kan kajin da ke kiwo a gabanta. Waƙar ta kai ƙarshe ba ta ko motsa yatsa ba.

"Ƙila ta gaji ne, Baba," in ji Sharon a hankali. "A sake gwadawa gobe."

Sati ya ɗage allurar. Ya tsaya riƙe da wayar. Baƙo, wanda ba ya iya zama da shiru, ya ce bari dai a ji yadda mai gemun ya yi abarsa tun asali. Ya tura sandar zuwa wajen a hankali, ya sake ɗora allura.

Wata murya mai kauri ta fito, tana jan kalmomi kamar mai lallashi. Sati bai taɓa jin waƙar haka ba. Ya kai yatsa zai kashe kiran, sai ya ji wani sauti daga wayar.

Magret ta ɗago kai. Leɓenta na motsi. Da farko gurnani ne, sannan kalmomi suka fara fita, a karkace amma ana ganewa, Turanci baiti bayan baiti, har tana riga mai gemun shiga amshi.

"Baba! Baba, kana ji? Mama na waƙa!" Sharon ta fashe da kuka, tana kiran maƙwabta su zo su gani.

Yana ji. Kuma yana lissafin abin da bai so ya lissafa ba. Ba a taɓa sa waƙar nan a hankali a dandalin Mijinyawa ba. A duk Kafanchan wuri ɗaya ne za a iya jin ta haka, ɗakin Edwin. Mutum kuma ba ya haddace baituka daga ji ɗaya. Ta sani ke nan duk shekarun nan, tana kallonsa yana tara hotunan mata, tana dariya. An ce kishi kumallon mata ne, amma wanda ya taso wa Sati a shagon nan ya fi na mata zafi, kishin mutumin da ƙasa ta daɗe da cinyewa.

Baƙo ya ga fuskarsa ta sauya, ya zaci ya yi ɓarna.

"Pardon, dattijo. In mayar da ita mai gudun, irin taka?"

Sati ya dubi matarsa. Idonta a lumshe, hannunta mai lafiya na bugun cinya a hankali, fuskarta ta saki kamar ta yarinya. Ko ma wa take gani a bayan idanun nan, shi ne ya kwance mata harshe.

"Bar ta haka," in ji shi.

Waƙar ta ƙare, bakin Magret ya tsaya. Ta buɗe ido ta dubi wayar tana jira. Sati ya durƙusa gaban garmahon, ya ɗaga allurar da kansa, ya mayar da ita farko.