Rabin Hawan Sannu

Tun da samari suka fara ɗora hotunan layin a waya, Zubair bai bar matarsa Adama ta huta ba. Layi ne a gefen gari wanda ya miƙe kan dutse kamar an jingina tsani, da gidaje dama da hagu. Mazauna wurin sun yi shekaru suna hawa da sauka ba wanda ya kula, sai kwatsam ya zama wurin yawon buɗe ido. Aka raɗa masa suna Hawan Sannu, don duk wanda ya kai sama sai an tare shi da sannu.

"A Jos aka haife ni," in ji Zubair. "A ce mutanen Abuja sun hau, ni ban hau ba?"

Tela ne a unguwar Farin Gada, shekarunsa hamsin da huɗu. Wata biyu ke nan Adama tana ganin yana tsayawa ya ja numfashi in ya jawo guga daga rijiya. In ta yi magana sai ya ce ƙiba ce kawai.

Ranar Asabar da hantsi mai keke-napep ya sauke su a gindin hawan. "Iyakata nan, oga," ya ce. "Ko ba kowa a ciki, keke ba ya hawa wannan."

Da farko da dariya suka fara. Zubair ya naɗe hannun riga, yana ƙirga turakun wutar lantarki: tara ne daga ƙasa zuwa sama. A na uku ya daina magana. Suna wuce na huɗu ya zauna a bakin kwata, gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin da ake yi.

"Maman Adnan," ya ce, hannunsa a ƙirji, "kamar an ɗora mini buhun dankali a nan."

Adama ta duba sama, ta duba ƙasa. Titin mota yana can nesa, motocin sun zama ƙanana. Ta kama hannunsa don ta ɗaga shi, ko motsawa bai yi ba. Ta kira ɗansu Adnan a waya, wanda ke aiki can garin Kuru. Ya ce ga shi nan tafe, amma ita da shi sun san sai ya yi awa guda a hanya.

Mutane suna ta wucewa da gorunan ruwa. "Sannu Baba, saura kaɗan!" in ji wani saurayi, ya ɗaga masa babban yatsa. Wasu 'yan mata suka tsaya kusa da su suna ɗaukar hoto. Adama ta ce a taimaka, ba wanda ya ji ta. Ta cire hular mijinta tana yi masa fifita da ita, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba.

Wata mata ce mai shanya a ƙofar gidanta ta lura. Ta jefar da zanin da ke hannunta ta tsallako kwatar. Suzana sunanta, a layin take zaune.

"Mama, wannan ba gajiya ba ne," ta ce. Ta juya ta ƙwala kira: "Dung! Kawo kujera, ka kira mutane!"

Dung, ƙanenta, ya fito da kujerar roba da maza uku. Suka ɗora Zubair, suka ɗaure shi da zani kada ya zame, suka fara saukowa a kaikaice, taki ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu na gaba ya kusa zamewa a kan tsakuwa. Sau uku suka ajiye kujerar suka canja hannu. Adama ta nemi ta riƙe ko da ƙafar kujera ce, Dung ya ce, "Ki matsa baya, Mama, za mu faɗi gaba ɗaya."

Ta koma baya, riƙe da takalmansa. Daga nan ƙeyarsa kawai take gani tana rangaji.

"Haka muke sauko da masu naƙuda," in ji Suzana a gefenta. "Bara ma haka muka sauko da babanmu." Adama ba ta tambaye ta yadda aka ƙare ba.

A asibiti likita ya ce zuciya ce. Ya tambayi tun yaushe numfashin ke yi masa wuya. Ta ce wata biyu. Ya ɗago ya dube ta, ya ci gaba da rubutu.

Zubair ya yi kwana tara a gadon asibiti, ya dawo gida da ledar magunguna. Adnan ya je ya mayar wa mutane yadudduka, ya rufe shagon. Yanzu daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai Zubair ya huta sau biyu. Ba ya son a riƙe shi, don haka Adama takan bi shi a gefe, in ya tsaya ita ma ta tsaya.