Lallen Inna Hajjo

Duk sanda na ɗauko mahaifiyata, Inna Hajjo, daga Dalijan na kawo ta gidana a Kalgo, ba ta rufa mako sai ta ɗaure kayanta. Ga ciwon gwiwa, ga ba kowa a wancan gidan tun rasuwar mahaifina, Baffa, amma ina! Na yi lallashi, na yi fushi, har kuka na taɓa yi mata, ni da gemuna. Amsarta ɗaya ce: "Gidan ga naka ba shi da rai. Siminti sama, siminti ƙasa."

Maganar ta ci mini rai, wallahi. Matata Amatullahi ta ce, "To, mu nemo masu tsara lambun gida mana. Ƙila in ta ga kore hankalinta ya kwanta."

Wanda na fara kira wani Muzzammil ne. Wayarsa cike da hotuna, ciyawa kamar darduma, ga famfo mai feso ruwa sama. Ni kam nan take na narke. Inna ta leƙa ta ce, "Ciyawa ba saniya? To wa za shi ci?" Muzzammil ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Alhaji, aikina na otal ne da ofisoshi. Ka nemi Surayya a Gwandu, tare muka yi karatu. Ita ce ta gidajen mutane."

Surayya ta zo ba hoto ko ɗaya. Ta zagaye tsakar gida, ta duba inda rana ke faɗawa da inda ruwa ke bi, sannan ta shimfiɗa tabarma kusa da Inna suka yi ta hira. Da ta tashi sai ta ce mini, "Kafin in zana komai, a kai ni Dalijan."

Ji wata magana! Ni ina neman lambu a Kalgo, ita tana neman yawon ƙauye. Na buɗe baki zan sallame ta, Amatullahi ta galla mini harara. Washegari na kwashe su, har da Inna.

Mun isa daidai azahar. Inna ta ɗauki buta ta nufi wani faffaɗan dutse a gefen ɗakinta, ta zauna ta yi alwala. Ruwan ya gangara gindin wani tsohon lalle da ke jikin dutsen. Surayya ta tsaya tana kallo har aka gama, sannan ta ce, "Inna, wa ya dasa wannan?"

"Ni, 'yar nan. Ran da aka kawo ni gidan ga. Ruwan alwalata shi ka sha."

Surayya ta durƙusa ta roƙi 'yan rassa, ta roƙi dutsen ma. Inna ta ce, "Awo, ɗauki." A wurin na ba Surayya aikin.

Aka fasa simintin gefen gabas. Aka kafa rumfa, aka ajiye dutsen Inna a gefenta, aka dasa zogale da lemun tsami da gwaiba. Ni ma an ba ni 'yar ciyawata a gaban falo don kada baƙin ciki ya kashe ni. Bututun ruwa ya bi ko'ina, ban da gindin dutsen, inda Inna ta soka rassan lallen da hannunta.

Na ce, "Malama Surayya, kin manta nan."

Ta ce, "Ban manta ba, Alhaji. Wannan na Inna ne. Kada kowa ya ba shi ruwa."

Rassan nan suka tsaya ƙyam kamar tsinken tsire, kullum sai na leƙa in ga ko sun mutu. Wata safiya sai na ji Inna na ƙwala wa Amatullahi kira. Ganye ne ya tsiro, ɗan tsigil. Amatullahi ta rangaɗa guɗa, Inna na cewa ta yi a hankali kada ta firgita shi.

Ana nan sai bikin 'yar ƙanenta ya taso a Dalijan. Na kai ta, amma raina duk a jagule, don na san halina da ita. Bayan la'asar dangi suka yi mata caa, ta kwana, ta yi mako, ai nan ne gida. Na je neman ta in ji hukuncina, sai na tarar da ita zaune a mota, ta rungume butarta.

"Kai, mi kake jira? Lallena shina can bai sha na azahar ba, bai sha na la'asar ba. Tada mota mu tai gida."

Gida fa ta ce. Na tada mota ina dariya, hawaye na zuba, ita kuwa tana faɗan in kalli hanya.