Kunkurun Malam Sada

Malam Sada ya buɗe ƙofar motar, ya gyara tabarmar da ke shimfiɗe inda kujerar gaba take a da, sannan ya koma cikin gida da sauri. Matarsa Safiyatu tana durƙushe a bakin ɗaki, ta rungume turmi. Tun jiya take naƙuda, ungozoma kuwa ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibitin Birnin Kudu.

"Daure ki tashi, Safiya. Na tayar da mota."

Ta girgiza kai ba tare da ta dube shi ba. "Malam, ba zan kwanta inda Barira ta kwanta ba."

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi ya sayi motar, 'yar ƙarama mai ƙusumbi, wadda yara ke kira kunkuru. Burinsa kawai ya riƙa kai iyalinsa Gwaram gaida iyayenta. Amma ita kaɗai ce mota a ƙauyensu Kiyako, kuma malamin makaranta ba ya cewa a'a. Mutane ba sa ƙwanƙwasa masa ƙofa sai an gama jiƙe-jiƙe da turare, jiki ya riga ya saki. Ya cire kujera don mara lafiya ya miƙe. Da yawa a lulluɓe ya dawo da su. Barira, aminiyar Safiyatu, a hanya ta cika a daminar bara, kanta dab da giya. Har yau in ya kai hannu zai sauya giya, sai ya ji kamar ɗankwalinta ya taɓa shi.

"Rai na Allah ne, Safiya. Ƙarfe ne fa kawai."

"To me ya sa kai ma kake zuwa makaranta a keke?"

Ya fita ya kira maƙwabcinsa Bappa Manu, wanda ke shirin ɗaura wa shanunsa amalanke.

"Kai da kunkuru a ƙofar gida, ka zo aron bijimai?" in ji Bappa. Da ya ga fuskar Sada, sai ya haɗiye dariyar. "Kawo katifa, Malam."

Suka kama hanya da hantsi, Safiyatu da ungozoma a amalanke, Sada a baya cikin mota, ko za ta sauya shawara. Bijiman suna takawa a natse, kamar taki suka ɗauko. Duk nishin da ta yi, sai ya ƙara damƙe sitiyari.

Akwai abin da ya manta. Mutanen wannan hanya sun san tafiyar motarsa: in da gudu ta wuce, akwai sauran rai, in a hankali take tafe, gawa ce. Wani dattijo da ke noma a bakin hanya ya ajiye fartanya, ya tafa hannu yana salati, ya biyo bayan motar. Wasu biyu suka fito daga cikin gero. Kafin a kai kwanar babbar hanya, ya duba madubi ya ga maza a jere, shiru, kai a sunkuye. Ɗaya har ya saɓo magirbi na haƙa kabari.

Ya leƙo ta taga ya yi musu alama da hannu su koma, amma ba wanda ya ɗago kai.

Safiyatu ta ɗago kai daga katifa. Ta daɗe tana kallon masu rakiyar, ta gane su ɗaya bayan ɗaya.

"Bappa, tsayar da shanun."

Aka kama ta ta sauko. Ta ƙi kallon tabarmar, ta rarrafa zuwa kujerar baya ta zauna, ta dafa kafaɗar mijinta da hannu mai zafi.

"A zaune zan tafi," ta ce. "Ka yi gudu, Malam. Su gani da idonsu."