Sifikar Ƙofar Dama

Ni Ummaru na Maska ban taɓa zama a aji ba, amma shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da sitiyari. Motar auduga ta kife da ni a hanyar Funtua, na fito ta taga da ƙafata. Kububuwa ta sare ni a gona, ita ta mutu, ni na ci tuwona da yamma. 'Yan bindiga sun riƙe ni kwana goma sha tara a daji, na dawo gida da hulata a kai. Kowa a Maska ya san wannan. Abin da ya so ya kayar da ni, kunnen matata ne, Mero.

Likita a Malumfashi ya haska ya leƙa, ya ce na hagu ya mutu, na dama ma yana bin sa. Yaushe zai ƙarasa, ya ce Allah ne masani.

'Yarmu ta fari, Raudatu, tana aure a Fatakwal, shekara huɗu ba ta zo ba. Duk Juma'a takan turo saƙon murya a wayata. To Mero mutuniyar zamanin da ce. Tun da ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan". Ba ta tambayar lafiyarta, ba ta karɓar waya ta kara a kunne, kunyar 'yar fari ba za ta bar ta ba. Ni na yar da tawa kunyar a daji, ita tana nan da tata. Abin da take yi shi ne, da na kunna saƙon sai ta ɗauko tsintsiya ta hau sharar gefen tabarmata, wurin da ta riga ta share da safe. A haka take ji.

Wata Juma'a na kunna, na ga ba ta tashi ba. Tana can bakin murhu, ba ta ma san an kunna ba. Ta gaba ma haka. Ranar ko tuwo na kasa ci.

Na ce ni da na gagari daji, ba za a ce na rasa dabarar wannan ba. Na tuƙa tsohuwar motata zuwa Funtua wurin Luke mai gyaran wayoyin wutar mota, wanda na yi zaman tasha da mahaifinsa. Rediyon da motar ta zo da shi tun daga kamfani, sifikunsa sun tsufa, sai kuwwa kamar ƙuda a cikin gwangwani.

Na ce, "Luke, cire wannan. Ka sa mini mai haɗuwa da waya, da irin ƙaton akwatin nan da samari ke sawa a but ɗin mota."

Ya ce, "Baba, aure za ka ƙara ne?"

"Ubanka ma bai yi mini wannan tambayar ba. Magana nake so a ji."

"To wannan akwatin wufa ce, Baba, ba ta magana, tsawa take yi. In murya kake so, ƙanana ne maganinta."

Na ce masa ina tuƙi tun bai iya ɗaura wando ba. Ya yi dariya, ya ɗaura sabon rediyo, ya sa amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti ƙarƙashin kujera, ya ja jar waya mai kauri daga batir, ya cusa akwatin a but, sifiku huɗu a ƙofofi. Da ya gwada, sai da gilasan motar suka yi rawa. Na ce yauwa.

Ranar kasuwar Maska na ɗauko Mero da ƙwaryar daddawarta. Ta zauna inda ta saba, a baya, daidai ƙeyata. Muna shiga bakin kasuwa na danna saƙon Raudatu, na murɗa har ƙarshe.

"INNA, INA KWANA? INNA, NA YI KEWARKI!"

Awaki suka watse. Masu tumatir suka miƙe. Ladidi mai ƙosai, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta tafa hannu tana guɗa: "Mero, amsa mana! 'Yar fari na gaisuwa!"

Mero ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Malam, kashe." A hankali ta faɗa, amma na ji shi fiye da tsawar. Da ƙafa ta koma gida. Daga baya na gane ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba, rugugi kawai ta ji a ƙirjinta, sai kuma dariyar mutane da ta gani da ido. Kasuwa duka ta ji 'yarta, ban da ita. Mako uku ba ta shiga motar ba, kuma kowane mako ina tuna maganar likita.

Na koma wurin Luke. Ban ce na yi kuskure ba, na ce akwatinsa ne bai dace da motata ba. Sai dai wannan karon na ba shi labarin duka. Ya ajiye sukundireba.

Ya ce, "Kakata Dinatu ma har ta rasu ba ta kira sunan babana ba. Wane kunne ne mai ji?"

"Na dama."

"A ina take zama?"

"Bayana."

"To sai ta koma ɗaya gefen, kunnen ya jingina da ƙofa."

Ya fitar da akwatin. Ya ɗauko wata 'yar sifika da ba ta kai tafin hannuna ba, ya ɗaura ta sama da ƙofar baya ta dama, daidai tsayin kan mutum a zaune. Ya zaunar da ni a wurin, ya yi ta murɗa wasu maɓallai a jikin amfilifayar, yana rage kauri yana ƙara kaifi, har maganar ta fito tas. Sannan ya tura sautin duka can. Daga kujerar direba sai ɗan raɗa kake ji, daga waje kuwa babu komai.

Ya ce, "Saura abu ɗaya, Baba, kuma ba na waya ba ne." Ya miƙa hannu ya karkatar da madubin tsakiya sama. "Kada ka kalle ta."

Ranar komawa asibiti ta zo, babu yadda za ta yi sai ta shiga. Na riga na ɗora buhun masara a bayan kujerata, na ce saƙon wani ne. Ta harare ni, ta zagaya ta zauna a dama.

Sai da muka bar gari, gonakin dawa hagu da dama, babu kowa sai mu, na ɗaga gilasai na danna. Idona na kan kwalta. Ina jin muryar Raudatu can ƙasa-ƙasa, na riga na san abin da ke ciki: gaisuwa, yara sun warke daga mura, sannan ta yi daddawa sau biyu tana lalacewa, ba ta san me take ɓatawa ba.

Saƙon ya ƙare. Muka wuce wata rugar Fulani. Muka wuce masu gyaran taya. Na ji ana jan hanci a baya, ban waiga ba, kuma wallahi ya fi mini zaman daji wuya.

Can ta ce, "Malam."

"Na'am."

"Rediyon nan naka, ban ji farkon labarin ba. Maimaita."

Na maimaita. Sau uku na maimaita kafin mu hango Malumfashi. A na ukun ta gyara murya.

"Ka gaya wa mai maganar nan, tana buɗe kalwar da wuri ne. Ta rufe da ganye sosai, ta bar ta kwana uku, kada ta leƙa."

Na gangara gefen hanya na tsaya. Na ɗauko wayar, na danne wurin ɗaukar murya da babban yatsa, na ɗora hannun a kafaɗata ta dama kamar mai susa.

Na ce, "Ni kaina ba ya riƙe maganar girki. Sake faɗa, a hankali."

Ta san abin da ke hannuna. Ta juya fuska wajen taga, ta sake faɗa, har ta ƙara da cewa a riƙa sa wa yaran riga mai kauri da safe.