Ƙwallon da Alhaji Zakari Bai Gani Ba

"Rumfar da ke gaban sitonka nake so, Alhaji. Bar maganar kuɗi," in ji Mukhtari.

Alhaji Zakari ya dube shi sama da ƙasa. Rumfar tana bakin titin da ya miƙe zuwa Kwanni, ba wanda zai shiga Illela ko ya fita bai gifta ta ba. Mukhtari kuwa takalman gwanjo yake sayarwa a rana, amma ya yi ƙuruciyarsa a Kaduna yana ɗaukar wa manya jakar sandunan golf, wasan da ake buga 'yar ƙwallo da sanda zuwa rami, kuma duk garin ba wanda ya san wasan sai shi.

"Ka iya ciniki, ɗan nema. To, in ƙwallo ta tashi sama kafin magariba, rumfa taka ce. In ta ci gaba da birgima a ƙasa, ka sha rana."

Suka tafa.

Bakin Alhaji ne ya jawo masa wannan aiki na koyon golf. Akwai wani attajiri a Yamai, Alhaji Abdulmalik, mai sayen albasa mota-mota yana kaiwa ƙasashen bakin teku. Ran nan suna cin abinci ya ɗauko hirar golf, Alhaji Zakari kuma don kada a bar shi a baya ya ce, "Ai mu ma muna taɓawa." Sai ga waya: ya zo ranar Asabar su buga, daga nan su gama maganar albasar bana. Mutumin kuwa an san shi, in ya kama ka da ƙarya a ƙaramin abu, ya gama da kai a babba.

Da la'asar suka fita wata gona da aka girbe a hanyar Araba, da tsofaffin sandunan Mukhtari. Labari ya riga su isa. 'Yan tireda da dillalai sun rufe shaguna sun biyo su a kan babura, sun jeru a inuwar gawo suna jiran abin dariya.

Alhaji ya naɗe hannun babbar riga, ya ɗaga sanda kamar zai fasa itace, ya sauke. Yashi ya tashi, shi kuma ya yi taga-taga har hularsa ta karkace. Ƙwallo tana nan inda take. Daga gindin gawo wani ya ce, "Alhaji, rijiya za a gina?"

Ya sake, ya kuma. Sau ɗaya ya shafi bayanta, ta gangara kamar ƙwan zabo.

"Faɗa mini gaskiya, mi ya lalace?"

"Riƙonka na mai gatari ne. Ƙafafunka sun matse. Kana sa ƙarfi fiye da kima, kana ɗaga kai, ga kuma tangaɗin nan bayan ka buga."

"To, fara da tangaɗin. Shi mutane ke gani. Ba zan je ƙasar wasu in faɗi a gaban yaran mutum ba."

Mukhtari ya tsuguna yana gyara wa ƙwallon zama a kan ɗan tudun yashi. "Alhaji, in rufin sito na yoyo albasa tana ruɓewa, da wanne kake farawa, tsince ruɓaɓɓu ko hawa sama?"

"Kai ma ka sani."

"To, tangaɗin ruɓaɓɓiyar albasa ce. Yoyon yana nan." Ya nuna kan Alhaji. "Kafin sanda ta iso, ka riga ka ɗaga ido kana duban mutanen can. Kai ya tashi, kafaɗa ta bi shi, sanda ta wuce ta saman ƙwallo, jiki kuma ya bi sanda. Sauran laifuffukan ka tafi da su Yamai, ba wanda bai da nasa. Wannan ɗaya ne ba a zuwa da shi."

Alhaji ya waiwayi gindin gawo. Tun yana saurayi maigidansa ya koya masa cewa ɗan kasuwa ba ya tsayawa kallon kayansa, fuskar mai saye yake karantawa. Da wannan ɗaga idon ya gina sito, ya je Makka, ya aurar da 'ya'ya. Yau kuma an ce shi ne ciwon.

"Ba zan iya ba, Mukhtari. Idona ya saba."

"Sai in riƙe maka kan."

"Kan nawa? A gaban waɗannan?"

"Awo. Rigar ma a tuɓe, tana harɗe maka hannu."

Rana ta yi ƙasa. Alhaji ya auna dariyar 'yan Illela, wadda za ta ƙare cikin mako, da kallon da Alhaji Abdulmalik zai yi masa, wanda ba ya ƙarewa. Ya tuɓe riga ya rataye a kan kara, ya cire hula, ya tsaya daga shi sai 'yar shara. Mukhtari ya tsaya gabansa nesa da hanyar sanda, ya miƙo mariƙin wata sandar ya ɗora masa a tsakar sanƙo. Gindin gawo ya kaure da shewa.

"Rabu da su. Yau ƙwallon nan ita ce mai saye. Kada ka ɗauke ido daga kanta."

Bugun farko ya kwashi yashi. Na biyu ma. Wuyansa na ta yunƙurin tashi, sanda na danne shi. Can ya yi bisimilla, ya sassauta hannu don gajiya, ya sauke. Sai ya ji wata 'yar ƙara, ƙwas, mai daɗi, ta bi sanda ta shige masa tafin hannu. Ya ci gaba da kallon gurbin da ƙwallo ta bari. Masu dariya sun yi tsit.

"Ina take?"

"Ta tafi, Alhaji. Ta haye gawon can."

"Ni ban gani ba."

"Shi ya sa ta tafi."

Alhaji bai taɓa biyan kayan da bai gani da idonsa ba, kuma da ya so musu, da ya samu hanya. Ya dubi tafin hannunsa, ya yi murmushi.

"Allah shi yi maka albarka, Mukhtari. Gobe ka kwaso takalmanka."

Ranar Asabar a Yamai Alhaji Zakari ya yi tangaɗinsa, ya sa ƙarfinsa, Alhaji Abdulmalik ya yi masa cin kaca. Amma ƙwallo tana tashi, kuma mutumin ya ji daɗin samun wanda zai riƙa cinyewa, har ya ƙara yawan motocin albasar da zai saya. Mukhtari ya samu inuwa, Alhaji ya tsira da maganarsa. Asara dai ta 'yan gindin gawo ce, da suka rufe shaguna yammaci guda, suka ƙona mai, suka koma gida da rabin dariya.